Surukata ta karye a wuyan hannu a ƙasar Sin: romon ƙashi da ƙwayar kalsiyam sun wadatar?

Tambaya: Ina zaune a Guangzhou, matata Basiniya ce. Mahaifiyarta shekararta 71, nauyinta kilo 46, tana zaune da mijinta a lardin Henan, a hawa na huɗu na wani tsohon bene da ba shi da lif. Watan jiya ta zame a banɗaki ta karye a wuyan hannu, an sa mata filasta. Yanzu kullum romon ƙashi ake dafa mata, an kuma sayo mata ƙwayar kalsiyam. Matata ta ce ta lura mahaifiyar ta rage tsawo, bayanta ya ɗan ranƙwafa. Wannan kulawar ta isa, ko da saura?

Amsa: Allah Ya ba Mama lafiya, Malam, kai kuma Ya saka maka da alheri da ka ɗauki lamarinta da muhimmanci. Da saura, kuma sauran ya fi wanda aka yi yawa. Hannun zai haɗe cikin mako shida zuwa takwas, ko ta sha romo ko ba ta sha ba. Abin dubawa shi ne me ya sa ya karye tun farko. Mai lafiyayyen ƙashi in ya zame daga tsaye, abin da yakan tashi da shi ƙujewa ne ko targaɗe. Idan faɗuwa irin wannan ta karya mutum, to ƙashin ne ya riga ya yi rauni, faɗuwar tona asiri kawai ta yi. Ga kuma raguwar tsawo da ranƙwafawar baya, waɗanda sau da yawa alama ce cewa wasu gaɓoɓin ƙashin bayan sun riga sun lotsa. Kusan biyu cikin uku na irin wannan karayar ta baya ba ta kai mutum gaban likita, ana ɗaukarta ciwon bayan tsufa ne. Saboda haka mai yiwuwa ne wannan ba ita ce karayar Mama ta farko ba, ita ce dai ta farko da aka gani.

Cutar ita ce zaizayewar ƙashi. A asibitin Sin za ku ji ana cewa guzhi shusong, ka riƙe sunan don zai yi maka amfani wajen neman ɓangaren da za a kai ta. Dalilin da ya sa nake son ku gaggauta shi ne, wanda ya karye sau ɗaya haɗarin sake karyewarsa ya fi tsanani a shekara biyun farko. Ƙa'idar da likitocin Sin suka sabunta a 2022 ta sa duk wanda ya yi irin wannan karayar cikin wata 24 da suka wuce a sahun masu haɗari mafi girma. Kuma wadda ake tsoro ita ce ta ƙugu, wato inda kan ƙashin cinya yake shiga kwatangwalo. Cikin tsofaffi biyar da suka karye a nan, kusan ɗaya ba ya cika shekara a raye, rabin waɗanda suka rayu kuma ba sa komawa yadda suke. Sinawa da kansu suna kiranta karayar ƙarshe a rayuwa.

Mama ba ita kaɗai ba ce. A watan Oktoba na 2018 Hukumar Lafiya ta Ƙasar Sin ta fitar da sakamakon bincikenta na farko na ƙasa baki ɗaya kan wannan cuta. Cikin waɗanda suka haura shekara 50, kashi 19.2 cikin 100 suna da ita: mata kashi 32.1, maza kashi 6. Idan aka hau zuwa masu shekara 65 da sama, fiye da rabin matan ne, kashi 51.6. Amma adadin da ya fi tayar mini da hankali wani ne daban: cikin masu cutar da suka haura 50, kashi 7 kacal ne suka san suna da ita, waɗanda aka taɓa auna wa ƙarfin ƙashi kuma kashi 3.7 ne. Da aka buga cikakken binciken a 2021, an ga cewa cikin matan da ke da cutar ko suka riga suka karye, masu shan maganinta ba su kai biyu cikin ɗari ba. Ka haɗa wannan da ƙidayar 2020 da ta nuna mutum miliyan 264 sun kai shekara 60 a ƙasar, sai ka ga girman abin. Abin da ya faru da surukarka shi ne abin da aka saba: likitan ƙashi ya gyara hannu, ya sallame ta, cutar da ta jawo karayar kuwa babu wanda ya taɓa ta.

Don ka gane me ya sa kalsiyam kaɗai ba zai yi ba, sai ka san cewa ƙashi abu ne mai rai. Kullum akwai ƙwayoyin halitta masu rushe tsohon ƙashi, da wasu masu gina sabo a gurbinsa. Har zuwa wajen shekara 30 maginan ne ke rinjaye. Daga nan a yi kunnen doki na wani lokaci, sai al'adar mace ta ɗauke, sinadarin estirojin da ke taka wa masu rushewa burki ya ragu, ƙashi ya shiga zubewa da sauri na shekaru biyar zuwa goma. Ka ɗauka katangar ƙasa ce da damina ke ci fiye da yadda ake yaɓe ta. Kalsiyam shi ne ƙasar yaɓen. Dole a same ta, amma ko ka jibge tifa goma a ƙofar gida, in ba a tare ruwan da ke cin gindin katangar ba, faɗuwa za ta yi. Tare ruwan nan aikin magani ne.

Tsarar Mama kuma ta shigo tsufa da ƙaramin jari. Tana ƙaramar yarinya aka yi babbar yunwar 1959 zuwa 1961, Henan kuwa tana cikin lardunan da suka fi jin jiki. Ta girma a zamanin da madara ba abincin talaka ba ce. Har yanzu ma, binciken abinci na ƙasar ya nuna abin da Basine ke samu na kalsiyam a rana bai kai miligiram 400 ba, alhali ƙa'idar 2022 tana son mai shekara 50 zuwa sama ya samu 1,000 zuwa 1,200. Ga ƙaramin jiki, ga yawan gishiri da ke fitar da kalsiyam ta fitsari. A da ana cewa Sinawa ba su cika karyewa a ƙugu kamar Turawa ba, kuma akwai gaskiya a ciki, amma tazarar tana raguwa. A Bejin, tsakanin 1990 zuwa 1992 da kuma 2002 zuwa 2006, karayar ƙugu ga matan da suka haura 70 ta ninka fiye da sau uku, ta maza ta ninka sau biyu. Hong Kong ta riga ta ga irin wannan hauhawar tun daga shekarun 1960 zuwa 1980. Mutane sun bar gona da keke da tsugunno, sun koma kujera da mota da tayil mai santsi.

Akwai wani ɗan lissafi da aka ƙirƙiro a 2001 musamman don matan Asiya da al'adarsu ta ɗauke, ana ce masa OSTA. Ka ɗebe shekaru daga nauyi a kilo, ka ninka da 0.2. Na Mama: 46 a ɗebe 71 ya ba da −25, a ninka da 0.2 ya zama −5. Duk abin da ya gaza −4 babban haɗari ne. Wato ko da ba ta karye ba, da ta cancanci gwaji. Gwajin da ake so shi ne na na'urar DXA, wadda ke auna ƙashin baya da na ƙugu cikin mintuna kaɗan, babu zafi. Tana fitar da maki da ake kira T. Daga −2.5 zuwa ƙasa cuta ce, bisa ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa a 1994. Amma ka kula da wannan, don a nan ake yawan yin sakaci: a ƙa'idar Sin, wanda ya karye a wuyan hannu ta ƙaramar faɗuwa, ko da makinsa tsakanin −1 da −2.5 yake, mai cutar ne. Wanda kuwa aka samu karaya a ƙashin bayansa ko ƙugunsa, ba a ma jiran maki. Don haka kada wani ya dubi −2.1 ya ce muku "da sauƙi, ta ci gaba da kalsiyam."

Shi ya sa hoton ƙashin baya ta gefe yake da muhimmanci kamar DXA ɗin. Ku auna tsawonta a jikin bango, ku tambaye ta nawa take da ƙuruciya. Raguwar santimita 4 ta isa hujjar ɗaukar hoto. Idan ta taɓa yin hoton CT na ƙirji, wanda ya zama ruwan dare a gwajin lafiya na shekara a Sin, ku tafi da shi, domin ana iya hango lotsewar ƙashin baya a ciki. Ita kuwa ƙaramar na'urar da ake sa diddige a ciki a shagunan magani, ta tantancewa ce kawai, ba a yanke hukunci da ita, kuma sau da yawa mai riƙe da ita yana da abin sayarwa a bayan kanta.

Sai gwajin jini: kalsiyam, bitamin D, aikin ƙoda da hanta, suga, sinadarin maƙoƙo, da ƙidayar jini. Dalilinsa biyu ne. Na ɗaya, wani lokaci wata cuta ce ke cin ƙashin a ɓoye, kamar yawan aikin maƙoƙo ko sankarar ɓargo. Na biyu, ƙarfin ƙodarta ne zai nuna maganin da za ta iya ɗauka. Ku kwashe duk abin da take sha ku zuba a leda ku kai wa likita, har da na gargajiya. Magungunan sitiroyid irin su firedinisolon suna cikin manyan masu cin ƙashi, kuma an sha kama su a ɓoye cikin garin maganin sanyin ƙashi da ake sayarwa ba rajista. Ɓangaren da za ku nema shi ne na cututtukan sinadaran jiki, inda ake ganin masu suga, ko asibitin zaizayewar ƙashi in akwai shi a babban asibitin garinsu.

Yanzu romo. Kada ka hana, don ba cuta ba ne, kuma ƙauna ce ake dafawa a ciki. Surukin da ya soki tukunyar gidan surukai ya san abin da ya tarar wa kansa. Sai dai kalsiyam ɗin ƙashi ba ya narkewa a ruwa, ko an kwana ana tafasawa, ko an ɗiga ruwan tsami. Farin da ake gani a romon kitse ne. Kofin romo bai kai kashi ɗaya cikin goma na kalsiyam ɗin kofin madara ba, ga gishiri. Abin da za a ƙara shi ne madara, giram 300 zuwa 500 a rana kamar yadda jagorar abinci ta ƙasar ta 2022 ta ce. Sinawa da yawa madara na kumbura musu ciki, to sai a koma yogot, ko madarar da aka cire wa sukarinta, ko a riƙa sha kaɗan-kaɗan tare da abinci.

Sa'ar da aka yi ita ce ɗakin girkin Sinawa yana da nasa hanyoyin. Awararsu mai tauri, wadda ake daskarar da ita da jifsam ko ruwan gishirin teku, tana da kalsiyam sosai. Mai laushin nan ta cikin roba da ake kira neizhi kuwa kusan babu komai a ciki, haka ma ruwan waken suya da ake sha da safe, sai in an rubuta an ƙara masa. Ganyayen kabejinsu irin su bok choy da youcai suna da kyau, jiki na ɗaukar kalsiyam ɗinsu da sauƙi, saɓanin alayyafo da wani sinadarin cikinsa ke ɗaure shi. Akwai markaɗaɗɗen riɗi, akwai busassun ƙananan jatan lande, sai dai su a jiƙa su a rage gishiri. Kuma kilo 46 ya yi kaɗan. Sinawa na da karin magana cewa ramar tsufa ta fi zinariya, amma jagorar abincin da na ambata ta ɗaga ma'aunin nauyin da ya dace da tsofaffi, ta ce BMI, wato ma'aunin nauyi gwargwadon tsawo, ya kasance daga 20 zuwa 26.9. Tsohuwar da karin kumallonta kunun shinkafa ne da ganye mai gishiri, tsokarta narkewa take yi. Tana bukatar furotin giram 1 zuwa 1.2 kan kowane kilo, wato wajen giram 50 a rana: ƙwai, kifi, awara, nama, madara. A Ostareliya an gwada ƙara madara, yogot da cuku kawai a gidajen tsofaffi 60, sakamakon da aka buga a 2021 ya nuna karayar ƙugu ta ragu da kashi 46.

Game da ƙwayoyin da kuka saya, ga gaskiyar magana. A 2017 wasu likitocin ƙashi a Tianjin suka tattara gwaje-gwaje 33 da suka ƙunshi mutum sama da 51,000, suka ga cewa ƙwayar kalsiyam da bitamin D ba su rage karaya ba ga tsofaffin da ke zaune a gidajensu. Wasu sun ɗauki wannan a matsayin a zubar da su. Ni ban ɗauke shi haka ba, domin yawancin waɗanda aka gwada Turawa ne masu ƙoshin madara, ba tsohuwar Henan mai samun 400 a rana ba. Mama ta cike giɓin, miligiram 500 zuwa 600 na ƙwaya tare da abinci ya isa, da bitamin D awo (IU) 800 zuwa 1,200 a rana. Ƙarancin bitamin D ya yi yawa a arewacin Sin lokacin hunturu, balle ga matan da ke gudun rana da laima don kada fata ta yi duhu, kuma ranar da ta ratso gilashin taga ba ta yin aikin. Kada a yi ganganci da babban awo lokaci guda: a wani gwaji na 2010 da aka ba tsofaffin mata awo 500,000 sau ɗaya a shekara, faɗuwa da karaya ƙaruwa suka yi.

Maganin gaske iri uku ne da za a fi yi muku maganarsu. Na farko alendironet, ƙwaya ɗaya mai miligiram 70 sau ɗaya a mako. Yana da arha, yana da aiki, amma yana da sharaɗi: da sassafe kafin a ci komai, da cikakken kofin ruwa zalla, sannan a zauna a miƙe ko a tsaya minti 30 ba kwanciya, in ba haka ba ya ƙona maƙoshi. Mai fama da ƙwannafi ba ya jin daɗinsa, kuma mutane da yawa kafin shekara sun watsar. Ɗan'uwansa zoledironet ƙarin ruwa ne sau ɗaya a shekara. A babban gwajinsa na 2007 ya rage karayar baya da kashi 70, ta ƙugu da kashi 41. Kusan mutum ɗaya cikin uku yana yin zazzaɓi da ciwon jiki na kwana biyu zuwa uku bayan na farko. Ku gaya mata tun kafin a sa, don kada ta ce an ba ta guba ta ƙi komawa. Dukansu biyu ba a ba wanda ƙodarsa ta yi rauni sosai. Ga tsohuwar da 'ya'yanta ke nesa, ni na fi karkata ga na shekara-shekarar in ƙodarta ta yarda, don babu batun mantuwa.

Na biyu denosumab, allura a ƙarƙashin fata duk wata shida. Sin ta amince da ita don wannan cuta a 2020, ta shiga jerin magungunan inshorar lafiya a 2021, kamfanonin cikin gida ma sun fara yin irinta, saboda haka likitoci suna yawan rubuta ta yanzu. Tana aiki ƙwarai, tana kuma yiwuwa ga mai raunin ƙoda in ana lura da kalsiyam ɗin jininsa. Amma tana da tarko, kuma ina so ka ja layi a nan: ba a dainawa haka kawai. Idan aka tsallake lokacinta da watanni, rushewar ƙashi takan dawo da ƙarfi fiye da da, har gaɓoɓin baya da dama su karye a jere. Wanda zai bar ta dole a ɗora shi kan alendironet ko zoledironet. In kun san ba za a iya kiyaye ranar ba, gara kada a fara. Na uku terifaratayid, allurar kullum mai gina sabon ƙashi, ana yi har wata 24 sannan a bi da ɗaya daga cikin na baya. Tana da tsada, ta waɗanda hoto ya nuna sun karye a wurare da yawa ce.

Matarka za ta ci karo da labarai biyu masu ban tsoro a intanet. Ɗaya ruɓewar ƙashin muƙamuƙi, wanda ba kasafai yake faruwa ba a awon da ake ba masu wannan cuta. Maganinsa a ga likitan haƙori a cire abin cirewa kafin a fara. Na biyu ya fi shafar ku: wata karaya ta daban a tsakiyar ƙashin cinya bayan shekaru ana shan maganin, wadda ta fi samun matan Asiya kusan ninki biyar a kan Turawa. Wani babban bincike a Kudancin Kalifoniya da aka buga a 2020 ya auna riba da hasara: cikin matan Asiya 10,000 da suka sha maganin shekara uku, an kauce wa karayar ƙugu 91, an samu irin waccan 8. Riba ta rinjaya nesa ba kusa ba. Abin da wannan ke koyarwa shi ne a sake zama da likita bayan shekara biyar na ƙwaya ko uku na ƙarin ruwa, a ga ko za a huta, kuma duk wani sabon ciwo a cinya ko matsematsi a kai shi hoto.

Za a kuma kawo mata magungunan gargajiyar Sin, don wasunsu suna cikin ƙa'idar likitocin ƙasar, kamar Xianling Gubao. Suna iya rage ciwo, amma hujjar cewa suna hana karayar ƙugu ba ta kama ƙafar ta waɗancan ba, kuma a 2016 hukumar kula da magunguna ta Sin ta yi gargaɗi cewa shi wannan yana iya taɓa hanta. In za ta sha, da sanin likita, kuma ƙari ne, ba madadi ba.

Rabin aikin kuma ba a asibiti yake ba. Ƙashi mai rauni ba ya karyewa a ƙugu sai an faɗi, faɗuwa kuwa ita ce kan gaba wajen kashe Sinawa masu shekara 65 zuwa sama cikin dukan raunuka. A wannan fannin, Sin tana da abin da duniya ke aro daga gare ta. An gwada taici, motsa jikin Sinawa da ake yi sannu a hankali, a Amurka kan tsofaffi 670 masu haɗarin faɗuwa, sakamakon 2018 ya nuna ya rage faɗuwa da kashi 58 idan aka kwatanta da masu miƙe jiki kawai. Ba ƙashi yake ƙara wa kauri sosai ba, ƙafa yake koya wa tsayuwa. Da zarar an cire filasta, ta koma dandali wurin 'yan'uwanta masu taici ko rawar yamma, ga motsi, ga rana, ga hira. Abin da za ta kiyaye shi ne sunkuyo mai zurfi, murɗa baya da ƙarfi, da ɗaga kaya masu nauyi, har da jika mai ƙiba. Babban kuskuren da iyali ke yi bayan faɗuwa shi ne su ce ta zauna kada ta motsa. Zaman yana cinye tsoka, faɗuwa ta gaba ta zo da wuri. Ku gwada ta: ta tashi daga kujera ta zauna sau biyar ba dafa hannu. In ya ɗauke ta daƙiƙa 12 ko fiye, ko kaurin sha-raɓarta bai kai santimita 33 ba, ƙafafun na bukatar horo na musamman.

Banɗakin da ta zame a ciki yana nan yadda yake, ko? A kafa ƙarfen dafawa a bango, a shimfiɗa tabarmar roba mai kama ƙasa, a sa kujerar wanka, in masan tsugunno ne a ɗora masa kujera. Fitila mai kunna kanta tsakanin gado da banɗaki, takalmi mai rufe diddige a maimakon silifas. Gwamnati ta sa gyaran gidajen tsofaffi mabukata miliyan 2 a shirinta na 2021 zuwa 2025, birane da yawa kuma suna tallafa wa sa lif a tsofaffin benaye, don haka matarka ta tambayi ofishin unguwarsu. Matakalar hawa huɗu motsa jiki ce mai kyau muddin akwai haske da abin dafawa. A duba idonta ko akwai yana. A duba ko maganin hawan jini na sa ta jiri in ta miƙe. Ƙwayar barci irin estazolam, da tsofaffin Sin ke yawan sha, tana cikin manyan masu kayar da mutum da dare. Duk mai shekara 65 zuwa sama yana da gwajin lafiya kyauta sau ɗaya a shekara a cibiyar lafiya ta unguwa, wuri ne mai kyau na tayar da waɗannan maganganu.

Kada ku manta da Baba. Binciken nan na ƙasa ya samu karayar ƙashin baya ga maza masu shekara 40 zuwa sama kashi 10.5, mata kashi 9.7, wato kusan ɗaya. Kimanin rabin mazan Sin suna shan taba, ga giya mai ƙarfi, dukansu masu cin ƙashi ne, kuma namiji in ya karye a ƙugu ya fi mace saurin mutuwa. In ya haura 70, ranar da za a kai Mama a auna shi shi ma.

In kuma, Allah Ya kiyaye, wata rana aka kira ku aka ce ta faɗi ta kasa tashi, ƙafa ɗaya ta gajarce ta juya waje, kada ku yarda da shawarar a bar ta a gado wai ta tsufa da tiyata. Sinawa na cewa ciwon ƙashi kwana ɗari ne, kwana ɗarin nan a kwance kuwa su ne ke kawo ciwon huhu, gyambon kwanciya da daskarewar jini. Abin da ake so a yi aiki cikin awa 48, a tayar da ita washegari. Asibitin Jishuitan da ke Bejin ya haɗa likitocin ƙashi da na tsofaffi suna kula da irin waɗannan majinyata tare, kusan uku cikin huɗu ana yi musu aiki cikin awa 48, a asibitocin da aka kwatanta da shi kuwa da kaɗan adadin ya haura ɗaya cikin huɗu, kuma mace-macen shekarar farko sun ragu a fili. Tun yanzu ku san wane asibiti ne a garinsu yake yin wannan aikin da wuri. Haka in aka yi mata allurar siminti a ƙashin baya, wadda ake yawan yi a Sin: tana kashe ciwo, amma cutar na nan, dole a ci gaba da magani.

Tunda kuna nesa, kada ku jira hutun sabuwar shekararsu. Ranar da za a koma cire filasta ita ce damar da ta fi kusa: matarka ta yi rajistar ganin likitan ta waya tun yanzu, a haɗa DXA, hoton baya da gwajin jini a tafiya ɗaya, ta kuma nemi a turo mata hoton sakamakon. In an fara allura ko ƙarin ruwa, ranar ta gaba ta shiga kalandar wayarku ku biyu, ba ta Mama kaɗai ba.